Wai Ina Amani Ya Tafi? Tafiyar Kifi a Teku da Halin da Kasuwarmu Take Ciki

Jawabin da akawun ƙungiya ya gabatar a madadin ofishinsa, a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya



Mai girma shugaban taro, shugaban ƙungiya da mataimakansa, iyayenmu sarakunan zango da suka tako da ƙafarsu, iyayenmu mata masu jarin kifi, masu gidajenmu na Kumasi da Techiman da Tamale, direbobi da yaran mota, da baƙinmu da suka ƙetaro daga Lome, Wagadugu da Yamai, muna yi wa kowa barka da zuwa. Da fatan an iso lafiya, an kuma baro gida lafiya.

Da kwamitin biki ya ce ofishin akawu ya yi magana, mun ɗauka lissafin kuɗin shekara za mu karanta kamar yadda aka saba. Sai shugaba ya ce a bar wa ma'aji wannan, mu kuma mu amsa tambayar da ta fi kowace yawa a bakin tagarmu: "Akawu, wai ina kifin ya tafi?" Mu dai ba masunta ba ne. A ofishinmu akwai wanda ko iyo bai iya ba. Aikinmu rubutu da buga hatimi. To amma duk lodin da ya tashi da sunan ƙungiya ta hannunmu yake bi, kuma duk rigimar bashi a teburinmu take ƙarewa. Saboda haka muka buɗe tsofaffin littattafan rajista, muka zauna da dattawan masunta a Elmina da Keta, muka kuma karanta abin da hukumar kifi da masu bincike suka wallafa. Abin da muka tattaro shi ne za mu gabatar. Inda muka yi kuskure, iyayenmu da suka riga mu shiga wannan sana'a su gyara mana.

Kifin da muke magana a kansa

Yawancin abin da muke lodawa zuwa arewa iri uku ne. Na farko shi ne amani mai zagayen jiki, wanda Fanti suke kira eban, mutanen Ga kuma kankama. Shi ne uban tafiya, shi ke cika kwando idan kaka ta yi. Na biyu ɗan'uwansa ne mai faɗin jiki, wanda ya fi son zama kusa da gaɓa, ana samunsa kaɗan-kaɗan kusan duk shekara. Na uku shi ne ƙaramin nan da Ewe suke kira abobi, wanda a kasuwa ake yi wa laƙabi da 'yan makarantar Keta. Akwai kuma saman, da yake biyo ayarinsu.

Duk waɗannan kifayen saman ruwa ne, garke-garke suke tafiya. Ba su da mazauni ɗaya kamar tarwaɗa a tafki. Duk wanda ya tashi a arewa ya san yadda makiyayi yake yi: inda sabuwar ciyawa ta fito nan garke yake dosa, idan ta ƙare ya tashi. Haka amani yake. Abinci yake bi, kuma abincin nasa yana da lokacin fitowa.

Ga yadda abin yake. Mafi yawan watannin shekara, ruwan saman teku a gaɓar Gana da Kodebuwa ɗumi gare shi, ma'aunin zafi yana tsakanin 27 da 29. Ruwan ɗumin yana kwance a sama kamar mai a kan miya, na sanyi yana ƙasa, ba sa gauraya. Duk abin da ya mutu a teku kuwa ƙasa yake nutsewa ya ruɓe, don haka takin teku a can ƙasa yake tare, inda hasken rana ba ya kaiwa. Daga ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, iska da igiyar ruwa sai su ture ruwan ɗumin daga bakin gaɓa, na sanyin ya taso sama ɗauke da takinsa. Ma'auni ya sauka ƙasa da 25. Taki ya haɗu da hasken rana, sai ƙananan tsirrai da ido ba ya gani su tsiro su cika ruwa, har launin teku ya koma kore-kore. Ƙananan halittu su taru su ci tsirran, amani kuma ya baro zurfi ya matso gaɓa yana cin halittun. A nan yake ƙiba, a nan kuma yake zuba ƙwai, don 'ya'yansa su tashi cikin abinci.

Wanda ya taɓa kwana Ankara a watan Agusta ya san sanyin da ake yi da safe, da hazon da yake rufe bakin teku. Wannan sanyin daga ruwa yake fitowa. Tsohon masunci ba ya bukatar ma'auni. Ƙafa yake sawa a ruwa da asuba, ya ce kaka ta zo ko da saura.

Kifin kuma ba ya bayyana ko'ina a rana ɗaya. Ta yamma yake farawa, wajen iyakar Kodebuwa, Aksim da Takoradi. Daga nan ya gangaro gabas, Elmina, Apam, Winneba, Ankara, Tema, ya wuce Keta zuwa ruwan Togo da Benin. Shi ya sa tun da can 'yan'uwanmu masu saye a yamma suke riga na Denu da Lome lodi. Wajen ƙarshen Satumba zuwa Oktoba ruwa ya sake ɗumi, garke ya watse ya koma zurfi. Akwai wata 'yar ƙaramar kaka tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin hunturu, amma ba ta wuce 'yan makonni, kuma wata shekarar da ƙyar ake ganinta. Bayanta sai rani na kifi, daga Maris har Yuni, lokacin da kwando yake tsada.

Ko a cikin kakar ma akwai lissafin wata. A daren duhu masunta suna hango garke saboda ƙyallin da ruwa yake yi idan kifi ya motsa. Idan farin wata ya cika ba a ganin wannan ƙyalli, kamu sai ya ragu. Ga kuma Talata, da yawancin garuruwan gaɓar Gana ba a shiga teku. Wanda ya ɗauko mota ya zo saye bai duba wata ba, bai duba rana ba, kuɗin masauki kawai zai biya.

Masu jan taru, masu kwale-kwale da manyan jirage

Masu kama kifin nan hawa uku ne, kuma tafiyar kifi ba ta shafe su daidai ba.

Na ƙasa su ne masu jan taru daga tudu, waɗanda muke gani daga Keta da Denu har Lome da gaɓar Benin. Kwale-kwale yakan fita da tarun ya zagaya kamar baka, ya dawo da igiya. Sai mutane su jeru layi biyu a kan yashi, maza da mata da yara, suna ja suna waƙa, awa uku ko huɗu ko fiye. Iyakar isarsu tsawon igiyarsu. Ba su iya bin kifi, kifi ne zai zo ya same su. Idan garke ya wuce nesa da inda igiya take kaiwa, ko da ɗan kaɗan ne, a wurinsu daidai yake da bai zo ba. Kuma wannan tarun shi ke ciyar da wanda ba shi da komai a ƙauye, domin duk wanda ya kama igiya yana da ɗan rabonsa na miya.

Na tsakiya su ne masu kwale-kwale mai inji, wanda ake sassaƙawa daga itacen wawa. Tun da injin ya shigo, wajen ƙarshen shekarun 1950, suna iya bin garke zuwa nesa. Wannan bin kifi shi ya kai Fanti da Ewe har Abijan, San Pedro, Laberiya, Lome da Kwatano, wasu suka zauna can suka hayayyafa. Su ma fatake ne irinmu, sai dai tasu hanyar ta ruwa ce. Amma bin kifi mai yake ci. Duk nisan da garke ya ƙara, jarkar mai ce take ƙaruwa, kuma man masunta da gwamnati take rage wa kuɗi ba kullum yake isowa a kan kari ba.

Na sama su ne manyan jirage masu jan raga a ƙarƙashin teku. Lasisinsu na kifin ƙasan ruwa ne, ba na amani ba. Dokar kifi ta Gana ta 2002 ta keɓe wa ƙananan masunta ruwan da yake kusa da gaɓa, mil 6 na teku ko inda zurfi bai kai mita 30 ba. To amma mun riga mun faɗa, idan kaka ta wuce amani zurfi yake komawa. Can inda yake hutawa, can manyan jiragen suke aiki. Dā kifin yana da watanni da babu mai iya kai masa. Yanzu ba shi da su.

Abin da ya canza

Ruwa ba ya tsami banza. Kifin bai daina tafiyarsa ba, har yanzu yana zuwa idan ruwa ya yi sanyi. Garken ne ya ƙanƙance, kuma ƙaramin garke ba ya bazuwa ya kai bakin yashi kamar babba.

Wannan ba shi ne karo na farko ba. A 1972 an yi kakar da tsofaffi suke ba da labarinta har yau, aka kama amani sama da tan 70,000 a Gana. Shekarar da ta biyo, 1973, abin da aka kama bai kai tan 5,000 ba. An kwashe iyaye da 'ya'ya a shekara ɗaya, ga kuma yanayin ruwa da bai taimaka ba. Sai da aka yi shekaru kafin ya farfaɗo. A wancan lokacin ya samu ya farfaɗo ne don jirage ba su da yawa kamar yanzu, kuma kayan kamu ba su kai na yau ba.

Na wannan karon ya fi daɗewa. A 1996 amanin da aka sauke a Gana ya haura tan 135,000. A 2016 bai kai tan 30,000 ba. Wato cikin shekara 20, kashi huɗu cikin biyar ya tafi. A daidai wannan lokaci kwale-kwale ƙaruwa suka yi, har suka wuce 12,000 a gaɓar da tsawonta bai wuce kilomita 550 ba. Kuma a Gana kusan kashi 60 cikin 100 na abin da mutane suke samu na gina jiki daga dabba, daga kifi yake fitowa.

Da kifi ya ragu sai kowa ya shiga dabara. Wasu suka koma kamu da fitila: a kunna janareto a tsakiyar teku, a zura ƙwan lantarki cikin ruwa, kifi ya taso daga zurfi ko ba lokacinsa ba ne. Wasu suka rage idon raga har ya koma kamar gidan sauro. Wasu suka kai ga nakiya da kabaid da guba. Duk doka ta hana waɗannan. Sannan ga saiko, wanda kowa a nan ya san shi: manyan jirage su kama ƙananan kifi, su daskarar da su fale-fale kamar allo, su sayar wa kwale-kwale a tsakiyar teku, a sauke a Elmina da Apam da Aksim. Masu bincike sun ƙiyasta cewa a 2017 kaɗai kifin saiko ya kai kimanin tan 100,000, kuma mafi yawan amanin da yake ciki 'ya'ya ne da ba su taɓa yin ƙwai ba. Tarayyar Turai ta ba Gana katin gargaɗi a 2013, ta janye a 2015, ta sake bayarwa a 2021. Gwamnati ta matsa, saikon tsakiyar teku ya ja baya, amma masunta suna kukan cewa ƙananan kifin yanzu a kwali suke sauka.

Ga kuma abin da ba hannun masunci ba. Teku tana ƙara ɗumi, kuma mun ga cewa duk kakar a kan ruwan sanyi ta dogara. Masu jan taru su ne suka fi shan wuya. Teku tana cin yashin da suke tsayawa a kai, kamar ambaliyar da ta afka wa yankin Keta a Nuwamba 2021. Inda aka jera duwatsu don tare ruwa kuma, ba a iya jan taru. Wata rana a ja awa huɗu a fito da leda da robobi. Mun ga wannan da idonmu.

Kada wani ya ce ai akwai kifin ƙanƙara na kwali da ake kawowa daga waje. Da yawansa daga ruwan Muritaniya da Maroko yake zuwa, kuma can ma amaninsu, wanda 'yan Senegal suke kira yaboy, yana cikin matsi. Masana'antun garin kifi a Nuwadibu suna niƙa shi don abincin dabbobi da kifin kiwo na ƙasashen waje, kilo huɗu zuwa biyar na ɗanyen kifi kafin a samu kilo ɗaya na gari. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Yadda abin yake isowa teburinmu

Littattafan rajistarmu sun faɗi wannan labari tun kafin mu karanta shi a takardar kowa. A littattafan marigayi tsohon akawu, Allah ya jiƙansa, shafukan Agusta da Satumba sun fi na sauran watanni goma a haɗe. Har gefen takarda yake rubutu don wuri ya ƙare. A namu littattafan, Agusta ta kusa zama kamar kowane wata. Kuma iyayenmu mata sun lura da wani abu da alƙalami bai rubuta ba: kwandon bai canza girma ba, amma yawan kifin da yake cika shi ya ƙaru, don kifin ya ƙanƙance.

Tsarin cinikinmu kuwa a kan tsohuwar kaka aka gina shi. A Agusta kifi ya yi yawa, konkohemaa, wato shugabar mata masu sayen kifi a bakin ruwa, ta yanke farashi da masu jirgi, kuɗi ya faɗi. Mata su kwana suna banda a murhun Chorkor, wanda aka ƙirƙiro a unguwar Chorkor ta Ankara a 1969. Bandar awa biyu ko uku ta ci yau ce, kwana uku ta lalace. Ta ajiya kuwa sai kifi ya sha wuta awa 10 zuwa 18 ya bushe ƙayau, shi ne yake kai wata shida ko fiye idan ana kula da shi. Mu saya da araha, mu ajiye, mu fitar daga Maris zuwa Yuni. Ribarmu a wannan tazarar take. Idan Agusta ba ta yi araha ba, tazarar ta rufe.

Bari mu ba da misali ɗaya, ba tare da kama suna ba, kuma da izinin mai abin. Wata uwarmu a wannan ƙungiya ta saba ba wata mai banda kuɗin kafin alƙalami tun watan Yuni, shekara da shekaru, ba takarda, ba shaida, sai amana. Wata shekarar ta zuba kusan duk jarinta, har da kuɗin adashe. Kaka ta makara, da ta zo kuma ba ta yi kwana nawa ba. Kwandon da aka kawo mata bai kai rabin alkawari ba. Ta kawo ƙara ofis tana cewa an cuce ta. Da muka je muka zauna, sai muka tarar mai bandar ba ta ci ko kwabo ba. Kuɗin ta ba mai jirgi ya sayi mai da gyaran raga, da sharaɗin duk abin da ya kamo nata ne. Mai jirgin ya fita sau da yawa ya dawo da jarka babu mai, jirgi babu kifi. Yaransa ma ba a biya su ba. Mutum uku, kowa ana binsa, kuma babu ɓarawo a cikinsu. Sai da aka yi kaka uku kafin a warware bashin, kuma a tsakani uwar tamu ta cire ɗanta daga makarantar kuɗi. Irin wannan ƙara ba ɗaya ba ce a ofishinmu.

Ga hanya kuma ta ƙara tsawo. Tun bayan juyin mulkin Yuli 2023 a Nijar, gadar Malanbil da Gaya ta daina ɗaukar kaya kamar dā, masu zuwa Yamai suka koma bi ta Burkina. A Janairu 2025 kuma Nijar da Burkina da Mali suka fita daga ECOWAS. Kifin da aka kama da guba ko aka yi masa rabin banda ba ya jure ƙarin kwanaki a mota cikin damina. Mai shi yakan buɗe tamfol ya tarar da gari da tsutsa.

Abin da gwamnatoci suke yi

Babban matakin shi ne rufe teku na ɗan lokaci don kifi ya yi ƙwai. Gana ta so fara haɗawa da masu kwale-kwale a Agusta 2018, masunta suka ƙi, don Agusta ce tsakiyar kaka, aka ɗage. An fara wa masu kwale-kwale a 2019, daga 15 ga Mayu zuwa 15 ga Yuni. Daga 2021 aka mayar da shi Yuli ga masu kwale-kwale, manyan jirage kuma Yuli da Agusta. A 2023 Kodebuwa ta bi sahu, domin garken ɗaya ne, bai san boda ba. Akwai ma kwamitin kifi na ƙasashe shida, Laberiya, Kodebuwa, Gana, Togo, Benin da Najeriya, mai hedkwata a Tema, da yake ƙoƙarin haɗa kansu. A 2025 gwamnatin Gana ta cire masu kwale-kwale daga rufewar, ta bar ta a kan manyan jirage da matsakaita, sannan sabuwar dokar kifi ta wannan shekarar ta faɗaɗa ruwan ƙananan masunta daga mil 6 zuwa 12. Abin lura gare mu shi ne, tsarin yana iya canzawa daga shekara zuwa shekara. Kada kowa ya ba da kuɗi a kan tsarin bara.

Shawarwarin ofis

Muna roƙon babban taro ya duba waɗannan abubuwa guda shida.

Na ɗaya, labari. Muna da 'yan ƙungiya a Takoradi, Elmina, Tema, Denu da Lome. Daga tsakiyar Yuni zuwa Oktoba, kowane ɗaya ya aiko wa ofis saƙon murya ta WhatsApp sau ɗaya a mako: ruwa ya yi sanyi ko bai yi ba, me aka sauke, girmansa, da kuɗin kwando. Mu za mu haɗa, mu ƙara da kwanan wata da sanarwar rufe teku, mu tura wa kowa. Tunda ta yamma kifin yake farawa, na gabas zai samu ishara kafin ya motsa kuɗinsa.

Na biyu, kuɗin kafin alƙalami. Ba mu ce a daina ba, don in babu shi jirgi ba zai fita ba. Amma kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na jari, a raba shi biyu, rabi kafin kaka, rabi bayan an ga kifi. A rubuta a ofis kyauta, a kuma rubuta abin da za a yi idan kaka ta ƙi. Rubutu ba rashin yarda ba ne, shi ke tsare zumunci.

Na uku, kuma shi ne mai wuya, mu daina sayen 'ya'yan amani. Dokar Gana ta sa mafi ƙanƙantar amanin da za a kama ya kai santimita 18, kusan taƙi ɗaya ke nan. Abobi daban ne, shi haka Allah ya yi shi ƙarami, kuma duk uwa a nan tana bambanta su da ido. Mun san abin da za a ce: in mun ƙi saya wani zai saya, kuma talaka a Bawku ko Dosso ƙaramin shi yake iya saye. Gaskiya ne, kuma a shekarar farko za mu yi asara. Amma manomin da ya daka irinsa ya yi tuwo ya ƙoshi a daren nan kawai. Motocin da suke ɗauke da hatiminmu ba kaɗan ba ne. Idan mai banda ta san ba za mu karɓa ba, za ta gaya wa mai jirgi, kuma maganarta ta fi ta ɗan sanda ƙarfi a wurinsa, don ita ce take zuba masa mai.

Na huɗu, ajiya. Mu nemi sito na haɗin gwiwa a arewa, inda iskar hunturu take taimakon busasshen kaya, da murhun sake banda a gefe. Kuma duk wanda aka kama yana zuba maganin ƙwari a kifi, ofis ba zai buga masa hatimi ba. 'Ya'yanmu ne suke cin wannan miya.

Na biyar, kada jari ya tsaya a kan teku kaɗai. Akwai kifin tafkin Volta a Yeji, wanda lokacinsa daban yake da na teku. Akwai albasar Galmi da wake da ake saukowa da su kudu. Motar da ta hau da kaya kada ta sauko wayam.

Na shida, murya. Duk zaman da ake yi a kan rufe teku, ana kiran masunta da mata masu banda, ba a kiran fatake, alhali mu muke kai kifin ƙasa uku ko huɗu. Shugabanni su rubuta wa hukumar kifi a Gana da Togo su nemi kujera. Idan mun je kuma, mu goyi bayan masu jan taru a kan a hana manyan jirage shiga ruwansu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Iyayenmu da suka kafa wannan ƙungiya sun same ta da kifi a teku, suka ɗauka ba ya ƙarewa, kuma ba laifinsu ba ne, don a zamaninsu haka yake. Mu mun ga littafi, mun ga shafukan Agusta suna raguwa a hannunmu. Amani kifi ne mai saurin haihuwa da saurin girma. Bayan 1973 ya dawo da aka sarara masa. Abin da muke nema shi ne akawun da zai gaje mu shi ma wuri ya ƙare masa a shafin Agusta.

Takardun shawarwarin nan shida suna teburin ofis a bakin ƙofa, da Hausa da Turanci da Faransanci. Wanda bai iya karatu ba ya same mu bayan an ci abinci, za mu karanta masa. Za a kaɗa ƙuri'a a kansu a zaman gobe da safe.

 Allah ya sa albarka a kasuwa, ya tsare direbobinmu a hanya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.